Rufi Dubu Biyu da Ɗari Uku da Na Tsira da Su a Delhi

Dala dubu takwas, kwana bakwai, da cinikin keke ɗari da tamanin. Abin da na ɗauka na tafi Indiya da shi ke nan. Dalar kuɗin filina ne na Tudun Fulani, wanda na sayar ina ji ina gani. Kwana bakwai su ne iyakar abin da shagona zai jure ba na nan. Keke ɗari da tamanin kuwa, masu ƙafa uku na haya, na ƙungiyar masu keken unguwarmu ne, nan Kpakungu. Shugabansu ya faɗa a gaban jama'a cewa sun gaji da tsadar kayan Legas, duk dilan da ya kawo musu kayan birki da na kuloci masu ƙwari a farashin da ya fi sauƙi, wurinsa za su riƙa saye har shekara ta zagayo.

Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ce, "Alhaji Sabi'u, yaya Indiya?" In na ce lafiya lau, sai a ce ai an ji labarin wani tsohon direba. To, gara in rubuta da hannuna, domin wanda ake ji daga bakin Ndagi an zuba masa gishiri.

Ndagi shi ne abokin tafiyata. Banufe ne ɗan Bida, shagonsa na kallon nawa, titi ne kawai tsakaninmu, kuma kaya iri ɗaya muke sayarwa. Bakanike ne a da, ya yi shekara goma sha biyu a ƙarƙashin keke kafin ya buɗe shago. Ni kuwa kakana Bakatsine ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, don haka akwai wasa tsakanina da Ndagi. Yana ce mini bawansa, ina ce masa sarkin gaisuwa, saboda in ya fara gaishe ka sai shayinka ya huce bai kai kan 'ya'yanka ba. Jarinsa bai kai rabin nawa ba. Na yarda mu tafi tare ne don mu raba kuɗin ɗaki, kuma in faɗi gaskiya, ban ɗauke shi abokin takara ba. Mutumin da ko tumatir in zai saya kunyar tayawa yake ji, me zai yi a kasuwar Indiyawa?

Mun bar Minna ranar Juma'a da sassafe. Maiɗakina ta cika mini jaka da dambun nama da garin rogo da yaji, ta ce ta ji mutanen can ba sa cin nama. Hanyar Suleja kowa ya san ta. Wata tirela ta kwanta a tsakiyar titi, muka yi awa guda da rabi muna kallon masu rake. Ndagi ya sauka ya gaisa da direban tirelar, ya tambaye shi iyali. Na ce masa in jirgi ya tashi ya bar mu, sai ya je iyalin direban su kai shi Indiya. Mun dai isa Abuja a kan lokaci, muka sauka Addis Ababa muka canza jirgi, Asabar da safe muna Delhi.

A wurin duba fasfo ma'aikacin ya karɓi katin allurata ya juya shi gaba da baya, sannan ya kaɗa kai, hagu da dama, kamar mai cewa a'a. Na ɗauka an ƙi katin. Na fara lalubo takardar masauki, sai na ji ya buga hatimi. Daga baya na gane haka suke kaɗa kai in sun yarda. A wurin kwastan aka buɗe jakata, wani ya kwance ledar yaji ya kai hanci. Ya yi atishawa har sau huɗu, 'yan uwansa na dariya, ya ɗaure ledar ya miƙo mini da hannu biyu.

Masaukinmu na cikin wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗaki ɗaya, gado biyu, fanka ɗaya mai kuka. In ka ɗaga kai a lungun, wayoyin wuta sun cukurkuɗe kamar taliyar da aka zubar. Na ce wa Ndagi yau za mu kwana a duhu. Kwana bakwai muka yi, ko ƙiftawa wutar ba ta yi ba. Nan na fara jin wani abu a raina. Mu da manyan madatsun ruwa ke cikin jiharmu, ni ke sayen man janareta kullum, su kuma da wannan tarkacen wayar suna kwana da fanka.

Abinci kuwa, waken da suke dafawa kamar miya da burodinsu mai faɗi ba laifi, sai dai komai da ƙamshi kamar an zuba turare a tukunya. Nama yana nan a unguwannin Musulmi. Shanu suna yawo a titi ba makiyayi, ba igiya, ba mai tambaya. Na ga wata saniya da za ta yi kuɗi sosai a kasuwar shanu tana cin kwali a bakin kwata. Ndagi ya ce da mutanen Tudun Fulani za su ga wannan da ba su yi barci ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne keke. Kasuwancina ke nan, kuma nan ne gidansa. Kore da ruwan ɗorawa, dubbai, da gas suke tafiya ba fetur ba. Ba a cusa mutum huɗu a baya da biyu a gefen direba kamar yadda muke yi. Yawanci shata ce, kai kaɗai ko da naka. Kowane da mita a jikinsa mai nuna kuɗin tafiya, kuma kusan kowane direba in ya ga fatarmu sai ya ce tasa ta lalace. Akawun masaukin ya gaya mini cewa daga nan zuwa babban masallacin tsohon gari ɗan ƙasa zai biya rufi saba'in, wato kuɗinsu, mu kuwa ɗari biyu za a ce mana. Na riƙe wannan magana kamar an ba ni makami. Ina da keke biyar a Minna da ke kawo mini balas kullum, babu dabarar direba da ban sani ba. Na yi wa kaina alkawari ba wanda zai ci kuɗin baƙunta a kaina.

Ranar Lahadi kasuwar kayan gyara a rufe take, sai muka ce mu ga gari. A bakin lungu muka tarar da wani dattijo, gemunsa ja da lalle, farar hula, yana goge gilashin kekensa. Ndagi ya yi sallama, dattijon ya amsa cikakkiya. Shi ke nan, an taɓo wa Ndagi inda yake so. Da ɗan Turancinsa da 'yan kalmomin da ya tsinta a finafinan Indiya, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi yara, ya tambaye shi aiki, har da zafin gari. Dattijon ya yi dariya ya ce sunansa Rafik.

Na ce, "A bar gaisuwa haka. Nawa za ka yini da mu?"

Ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyar. Daga yanzu zuwa magariba, duk inda kuke so. Ba kanti."

Ban kula da wannan "ba kanti" ba. Na ce ɗari biyar. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi murmushi. Na ce ɗari shida, kuma don gemunsa na ƙara.

Ya ce, "Farashina ɗaya ne, Haji."

Sai na yi abin da nake yi tun ina yaro a Kasuwar Kure. Na juya na kama tafiya. A Minna ban taɓa yin taku goma mai kaya bai kira ni ba. Na ƙirga goma, shiru. Sha biyar, shiru. A na ashirin na waiwaya. Dattijon ya koma goge gilashinsa, Ndagi kuma ya riga ya zauna a ciki ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na koma na ce masa da Hausa, "Sauko, kana ɓata mini ciniki."

Ya ce, "Bawana, ɗari bakwai da hamsin ne kowa. Nawa ne a kuɗinmu? Ko kuɗin man janaretarka na kwana biyu bai kai ba."

"Ba kuɗin ba ne, raini ne. Ɗan gari ba zai biya haka ba."

"To kai ɗan gari ne?"

Kafin in ba shi amsa, wani direba mai tabarau ya tsaya a gabana ya ce yini guda ɗari uku. Ɗari uku, ban ko taya ba. Na kalli Ndagi na ce ya ga yadda ake yi. Ya ce shi ya riga ya gaisa da mutum, ba zai sauka daga kekensa ba. Muka rabu, kowa da direbansa, ina jin kaina kamar na sayi rago a kuɗin kaza.

Direbana sunansa Sonu. Na ce ya kai ni jan ginin sarakunan da, wanda ake nunawa a hotuna. Ya ce yanzu-yanzu, amma akwai wani wuri a hanya, minti goma kawai, kallo kyauta. Kantin darduma ne. Aka zaunar da ni, aka kawo shayi, mutum uku suka riƙa warware dardumomi a gabana har suka kai gwiwa. Na fito bayan minti arba'in ban sayi komai ba. Daga nan kantin turare. Daga nan na duwatsun zobe. Daga nan na mayafai, inda wani ya naɗa mini mayafi a wuya ya ce matata za ta ƙara sona. Azahar ta same ni a kanti na biyar, na yi salla a bayan shago kan kwali. Jan ginin na gan shi, amma daga cikin keke, muna wucewa, Sonu na nuna mini da hannu yana cewa layin shiga ya yi tsawo yau.

A kanti na shida na ƙi sauka. Na ce ya gaya mini gaskiya, dila ne ni, ba zan yi fushi ba. Ya cire tabarau ya ce kowane kanti yana ba shi la'ada in ya kawo baƙo ya zauna minti goma, ko ya saya ko bai saya ba. In ya saya kuma akwai kaso. Ya ce, "Ɗari uku ko gas ba za ta saya ba, Oga. Kai ma ka sani." Na sani kuwa. Ashe ba ni na yi hayarsa ba, shi ya yini yana tallata ni. Abin haushin, har cikin raina na yaba dabarar, na kuma ji zafin ban taɓa tunaninta a Minna ba.

Da magariba Ndagi ya dawo da waya cike da hotuna. Ga shi a cikin jan ginin, ga shi a harabar babban masallaci da tattabaru, ga shi a wani kabarin sarki mai ƙubba, ga shi da Rafik suna cin shinkafa da naman rago a kwano ɗaya. Ya ce ni fa, ina na je?

Na ce, "Na zaga kasuwanni, ina nazarin farashi."

Ya ce, "Ƙamshin turare kake yi, bawana."

Daga Litinin aiki ya fara. Ndagi ya riƙe Rafik, kullum dubu ɗaya da ɗari biyar, shi kaɗai yake biya. Ni kuma na koyi darasi: ba yini, tafiya ɗaya ciniki ɗaya, kuma ba kanti. Na ƙware. In an ce ɗari biyu in ce tamanin, a daidaita a ɗari da ashirin ko ɗari da talatin. Wani ya sauke ni a ƙetaren titi mai layi takwas ya ce kuɗina nan ya ƙare. Wani ya ɗauki fasinja biyu ya ɗora a kaina ya ce farashin da na biya na haɗaka ne. Ban damu ba. Kowace yamma ina rubuta abin da na kashe a bayan katin masauki, in karanta wa Ndagi da ƙarfi. Litinin ɗari biyu da sittin. Talata ɗari biyu da arba'in.

A babbar kasuwar kayan gyara na sami wani dila mai shago hawa biyu, mai kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki. Na ɗauki wayar kuloci ta zama ma'aunina, domin ita ce ta fi tsinkewa a titunan Minna. A Legas, in an juya kuɗin, tana kama mini rufi ɗari. Shi ya ce casa'in. Kwana biyu muna fafatawa, na sha shayinsa ya fi kofi goma, na tashi na tafi sau uku, kuma shi yana kirana, ba kamar dattijon can ba. Muka tsaya a saba'in da biyar, sauran kayan ma a kan wannan lissafi. Kashi ɗaya cikin huɗu ƙasa da Legas. A raina na riga na ga keke ɗari da tamanin a layi a ƙofar shagona, Ndagi na leƙe daga ƙetaren titi.

Ranar Talata da yamma Ndagi ya shigo da baƙin mai a hannun rigarsa. Ya ce wayar kulocin Rafik ce ta tsinke a tsakiyar hanya. Suka tura keken zuwa wani lungu inda direbobi ke gyara, shi kuma hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya karɓi sifana ya ɗaura sabuwar da kansa. Direbobi suka taru suna kallon baƙo mai babbar riga a ƙarƙashin keke. Da ya tashi sai ya tambaye su wace waya ce ta fi daɗewa, kuma nawa suke saye. Duk suka nuna iri ɗaya, marar kwali, a cikin leda. Rafik ya ce ya san inda ake yin ta, a ƙetaren kogi, surukin ƙaninsa yana aiki a wurin.

Ndagi ya ce, "Gobe zai kai ni. Zo mu je tare."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Suruki? Sarkin gaisuwa, an kama ka. Ni an kai ni kantin darduma, kai za a kai ka kantin waya. La'adarsa zai karɓa."

"Kwana uku muna tare bai tsaya da ni a kanti ko ɗaya ba."

"Yana jiran babban ne. Kuma in na bi ka, wa zai biya keken?"

"Mu raba, kamar yadda aka ce tun farko."

"Ɗari bakwai da hamsin don in je in ga surukin wani? Albarka."

Ya ce, "To ko kuɗinka ka riƙe zuwa jibi, kada ka biya mutumin nan tukuna."

Wannan maganar ce ta ƙara tunzura ni. Na ɗauka so yake ya ja mini lokaci don ya ga farashina. Laraba da hantsi na je na ƙirga wa dilana dala dubu shida, ya ba ni rasit mai hatimi biyu, na ajiye sauran don kuɗin jirgin ruwa da kwastan. Kuɗin keke ranar ɗari uku da hamsin, don na biya ta wurin masu aika kaya.

Bayan la'asar Ndagi ya dawo. Ya ajiye leda a kan gadona. Na ciro waya ɗaya, na ciro wadda dilana ya ba ni samfur daga kwalinta mai hoto, na jera su. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, har ɗan tambarin da aka buga a kan ƙarfen bakin iri ɗaya ne. Na ja, na lanƙwasa, na sa haƙori. Abu ɗaya ne.

Na ce, "Nawa?"

Ya ce, "Arba'in da takwas."

"Ka taya?"

"Sun ce hamsin. Na ce a duba mini tunda daga nesa nake. Suka cire biyu."

Ko tayawa bai iya ba, ga shi da arba'in da takwas. Na zauna a bakin gado ina kallon fanka. Na sha yin asara a kasuwa, kwantena ta taɓa nutse mini da kaya, ban ji abin da na ji ranar ba. Asara daban, ganin ribar a hannun maƙwabcinka daban. Na kasa ce masa Allah ya sanya alheri sai da na yi alwala na dawo.

Alhamis na koma wurin dilana na ce na fasa. Ya kawo shayi, ya kaɗa kai irin nasu, ya nuna mini layi a ƙasan rasit, ya ce kaya sun riga sun tafi wurin ɗauri. Na ce na san inda yake saye. Ya ce kowa ya sani, amma ba kowa ake kaiwa ba. Na yi hayaniya, na yi lallashi, abin da na samu shi ne ya ƙara mini katan biyu na fulogi a matsayin gyara. Kuɗin keke ranar ɗari uku, kuma ban ji daɗin cinikin ba ko kaɗan.

Ranar Juma'a na shiga keken Rafik. Ya matsar da ƙyallen gogewarsa ya ba ni wuri. Ya kai mu babban masallaci muka yi Juma'a cikin jama'ar da ban taɓa ganin irinta ba in ba a Makka ba. Daga nan ya ce sai mun ci abinci a gidansa. Ɗaki biyu ne a saman wani shago, matarsa ta miƙo abinci daga bayan labule. Na ciro dambun naman da ya rage na ba su. Ya ɗanɗana ya ce wannan auduga ce ko nama?

Muna shan shayi na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, "Malam Rafik, ni ma ina da keke a ƙasarmu. Gaya mini, me ya sa ba ka ragi?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya fara lanƙwasa yatsu. Keken ba nasa ba ne, mai shi na karɓar ɗari biyar kullum, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Gas na yini kusan ɗari uku. Abinci da shayi da kuɗin tsayawa a wuraren kallo, ɗari da wani abu. Gyara, in an raba a kwanaki, kusan ɗari. Ya nuna yatsan da ya rage ya ce wannan na gida ne, mutum shida.

Lissafin da nake yi wa direbobina ke nan in sun zo suna kukan balas. Da na tsaya na yi shi ranar Lahadi a bakin lungu, minti ɗaya ya ishe ni in gane ɗari shida da na taya ko mai keken da gas ba za ta biya ba. Ban yi ba, saboda hankalina na kan abin da ɗan gari ke biya.

Ya ce, "Mai ɗari uku ma dubu ɗaya da ɗari biyar yake samu, Haji, ko fiye. A kanti yake karɓa. Ni ba na so in karɓa a bayanka, shi ya sa nake karɓa a gabanka."

Na ce, "A masana'antar fa? Nawa suka ba ka?"

Ya yi dariya ya nuna Ndagi. "Wannan ya kwanta a ƙasa da farar riga ya gyara mini keke. Me zan karɓa?"

Da za mu rabu na ciro ɗari bakwai da hamsin, rabona na ranar. Ndagi ya riƙe mini hannu ya ce ya riga ya biya tun safe, ubangida ba ya barin bawansa ya biya kuɗin mota. Na so a ce Ndagi ya karɓa.

Asabar muka taso. A jirgi Ndagi ya yi barci har da minshari, ni kuwa na ƙirga kujerun gabana har Addis Ababa.

Kayanmu sun iso bayan wata uku, a kwantena ɗaya, don ko nan mun raba kuɗi. Shugaban masu keke ya zo da mutum huɗu, suka duba nawa, suka tsallaka titi suka duba nasa. Ba su daɗe ba. Na gan su ta ƙofa suna gaisawa, gaisuwar nan tasa mai tsawo, shugaban har da zama. Yanzu kullum da safe layin keke a ƙofar Ndagi yake, wani lokaci har ya toshe mini gaban shago, sai na aika a ce su matsa. Ya sa sabon allo, ya ɗauki ma'aikata biyu. Duk ranar Juma'a Rafik na kiransa ta bidiyo, sai ya tsallako da wayar ya ce, "Ga Haji mai ɗari shida," in ɗaga hannu in yi murmushi.

Ba zan ce Ndagi ya cuce ni ba. Ya kira ni, har sau biyu. Wannan ne ma ya fi ciwo, domin da ya ɓoye mini da na sami abin riƙewa. Ya ce in zai sake oda in kawo kuɗina a haɗa, a farashin da ake ba shi, ba zai ɗora ko kwabo ba. Na ce zan yi tunani. Wata biyu ke nan ina tunanin, kuma na san ƙarshenta zan kai.

Ga lissafin. Kayana na sayar da su a hankali ga masu sayen ɗai-ɗai, dole na sauke farashi ya yi kusa da na ƙetaren titi. Uwar kuɗi ta dawo, da 'yar ribar da ba ta kai kuɗin tikiti ba. Filin Tudun Fulani wanda ya saya ya riga ya kai ginin linta. Cinikin keke ɗari da tamanin yana wurin Ndagi. A ɓangaren riba kuma, da na bi Rafik kwana biyar ɗin nan da na biya rufi dubu uku da ɗari bakwai da hamsin. Na kashe dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin. Na tsira da dubu biyu da ɗari uku cif.

Suna nan a aljihun teburina, takardun ɗari biyar guda huɗu da na ɗari guda uku. Na kai wa 'yan canji uku a Minna, kowa ya juya su ya dawo mini da su, wai ba a neman irinsu a nan.